Katako Uku a Saman Gadon Auta

Duk abin da Baba Lilo ya rataya a saman ɗaki, sai ya fara gwada shi da jikinsa. Fanka ce, fitila mai nauyi ce, ko ƙugiyar sagala kaya, in ya gama ɗaure ƙarfen sai ya kama shi da hannu biyu, ya ɗage ƙafafunsa daga kan tsani, ya yi reto a sama yana ƙirge a zuci har ashirin. In ƙarfen bai motsa ba, ya sauko ya karkaɗe hannu. In ya ji ko ɗan kuka ne a cikin katako, ya kwance komai ya sake daga farko, mai gida ya so ko ya ƙi. Nan sunan ya samo asali. Da fari tsokana ce, daga baya har matarsa ta koma kiransa da shi.

Kafinta ne na rufi da silin. Tun yana shekara goma sha huɗu yake hawa sama, a hannun wani maigida da ba ya koyarwa da baki sai da ƙotar guduma. A wurinsa ya koyi ƙwanƙwasa katako ya kara kunne kafin ya buga ƙusa, a wurinsa kuma ya kwaso baƙar magana. Bai yi nisa a karatu ba, amma in ya ɗora yatsu a kan katako zai gaya maka ɗanye ne ko ya bushe, zai kuma gaya maka inda zai tsage nan gaba. Shekara hamsin yana wannan aiki. Ya rufe gidajen da ba zai iya ƙirgawa ba, ya kuma yi abokan gaba kusan yawan gidajen, don ba ya iya ganin aikin wani ya yi shiru. In ya shiga gida gaisuwa, kafin ya gaida mai gida ya riga ya ɗaga kai. Yanzu kafaɗarsa ta dama ta gaji, ba ta wuce kunne sai ya cije leɓe. Aiki ya ja baya, sai gyaran ƙofa da kujera a bakin gidansa.

'Ya'yansa biyar, duk sun yi nisa. Auta ce kaɗai ke zaune a garin, gidan Auta kuwa shi ne gidan da ba ya shiga. Mijinta yana da shagon kayan ɗaki, irin waɗanda ake kawowa a kwali a haɗa da ƙananan notuna. Ranar da Baba Lilo ya fara taka shagon, ya ƙwanƙwasa wani kabad ya ce a gaban masu saye, wannan dusa ce aka manna aka shafa mata fenti. Lokacin saurayi ne, auren Auta yake nema. Ya haɗiye ya ajiye. Tun daga ranar ba sa ga maciji. Baba Lilo bai taɓa kiransa da sunansa ba, Mai Shago yake ce masa, ko a gaban idonsa.

Duk da haka, da aka zo gina gidan da Auta za ta zauna, shi ya yi rufin da silin ɗin da hannunsa, don 'yarsa ce za ta kwana a ƙarƙashi. Kowane katako sai da ya shafe shi da baƙin mai gauraye da maganin gara, ya bar shi ya sha, sannan ya hau da shi. Ranar ƙarshe saura ƙaramin ɗakin da ke bakin ƙofar shiga, wanda Mai Shago ya ce nasa ne shi kaɗai, na hutawa da ganin baƙi. Tsohon yana tsugune yana shafa mai, sai ga angon ya shigo da abokansa biyu yana toshe hanci. Ya ce musu cikin dariya, abin da tsoho ke yi a mako guda inji na yi a awa ɗaya, kuma babu wari. Baba Lilo bai ɗago ba. Ya rufe jarkar man da sauran rabi a ciki. Katako ukun da suka rage ya hau da su haka nan farare, ya buga, ya rufe su da silin kafin rana ta karkata. Ya ce a ransa, ɗakinka ne, gara ta ci rabonta. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Shekara bakwai ke nan.

A bana ne mota ta buge Auta a bakin kasuwa, ƙashin ƙugunta ya tsage, da wani a baya. Likita ya ce wata uku a kwance rigingine, ba juyi, ba tashi. Tana asibiti Baba Lilo yana zuwa kullum. Da aka sallame ta ya ɗauke ƙafa, ya bar wa matarsa zirga-zirgar. Takan yi kwana uku a can, ta dawo kwana ɗaya ta ga abin da ya ɓata a gida.

Wata rana ta dawo da hantsi, tana ninke kaya tana ba shi labari, shi yana gyaran ƙafar wata kujera bai ko kalle ta ba. Ta ce yaron nan dai a yaba masa. Auta ta gaji da kallon silin har tana kuka, ya je ya sayo ƙaton talabijin da wani ƙarfe, ya rataye mata shi a sama, ya kifo fuskarsa daidai idonta, tana kwance tana kallo. Da kansa ya yi, yau kwana biyar. Baba Lilo ya ce ai mai haɗa dusa ba abin da zai gagare shi. Ta ce shi dai idonsa ba ya ganin alherin kowa. Sai ta ƙara da cewa abu ɗaya ne ke ba ta haushi, kullum da safe sai ta karkaɗe wani gari-gari kamar ƙasa a kan bargon yarinyar. Ta share yau, gobe ya dawo.

Ya ajiye gudumar. Ya tambaye ta wane ɗaki aka sa Auta. Ta ce ƙaramin nan na bakin ƙofa mana, masu ɗauko ta daga asibiti ba su iya karya kwanar zuwa ɗakinta ba.

Ya shiga ya ɗauko jakar aiki da jarkar mai, ya saɓa tsani a kafaɗar hagu. Ta biyo shi har waje tana tambaya, da ta ga ba amsa sai ta ja ƙofa ta bi bayansa.

Mai Shago suka tarar a bakin ƙofa, ya dawo duba matarsa. Ya kalli tsanin, ya kalli tsohon, ya ɗan rusuna yadda ba za a ce bai yi ba.

"Sannu da zuwa, Baba. Gaisuwa aka zo ko aiki?"

"Matsa."

Bai matsa ba. Ya ce shekara bakwai ba a tako gidan nan ba, yau an zo da tsani. In don talabijin ne a huta, ya karanta takardar da ta zo da ƙarfen daga farko har ƙarshe. Ƙarfen na ɗaukar kilo arba'in, talabijin ɗin bai kai ashirin ba. Kuma bai ɗaure a jikin silin ba kamar wanda bai san komai ba, sai da ya lalubo katako, ya huda, ya sa dogayen notuna huɗu. Duk abin da ya faɗa daidai ne, wannan ne ma ya fi ƙona wa Baba Lilo rai.

"Da ka huda, me ya fito?"

"Me zai fito? Gari."

"Injin ya sha wuya, ko shigewa ya yi?"

Mai Shago ya tuno ranar da ya huda. Katako mai lafiya in ana huda shi injin gurnani yake yi, ɓawon ya fito fari yana nannaɗewa. Nasa kuwa shigewa ya yi kamar an soka yatsa a toka, har ya yi murna a ranar cewa aiki ya zo da sauƙi. Sai muryar Auta ta fito daga ciki, tana tambaya ko Baba ne, a bar shi ya shigo mana.

Ɗakin ƙarami ne, gadon ya cinye rabinsa. Auta ta rame, tana kwance miƙe a kan katifa mai tauri da aka sa wa allo a ƙasa. Daidai saman ƙirjinta talabijin ɗin yake, baƙi, mai faɗi kamar murfin taga, rataye a jikin sandar ƙarfe, fuskarsa na kallon tata. Baba Lilo bai kalli ko ɗaya daga cikin biyun ba. Farantin ƙarfen da ke manne da silin ya zuba wa ido. Ta kusurwa ɗaya ya rabu da silin ɗin kamar kaurin farce, kuma wani siririn tsagi ya tashi daga wurin ya nufi bango.

"Baba, ko sannu babu? Silin ka zo gaisarwa?"

Ya ce mata sannu, kansa na sama. Ya ce a ɗauke gadon daga nan yanzu.

Mai Shago ya ce ba mai taɓa gadon nan. Ko zanin gado za a canza sai ta yi ihu, likita ya ce kar a girgiza ta, ba zai azabtar da matarsa ba don kawai wani ya ƙi jinin aikinsa. Sai ya matso, ya rage murya, ya ce ai Baba ne ya yi rufin nan da hannunsa. Baba ne ke cewa katakonsa sai ya binne mai gida yana nan daram. To katakon Baba ne, notuna huɗu ne a ciki. Wanne ne ba a yarda da shi ba? A ba shi dalili ɗaya.

Baba Lilo ya sa yatsa ya dangwali garin da ke kan bargon, ya murza. Ja-ja ne, da ɗan tsakuwa-tsakuwa, ba garin katako ba. Yana iya cewa gara ba ta da amana, ko an shafa mai takan samu hanya, kuma ba wanda zai musa masa. Amma ya san Mai Shago. In ya faɗi haka zai ce zato ne, a bari sai gobe a kira wani ya duba. Ya ɗaga kai ya sake kallon tsagin.

"Katako uku na ɗakin nan ban shafa musu mai ba."

"Mantawa ka yi," in ji matarsa da sauri, kamar mai buɗe masa ƙofar fita.

"Ban manta ba. Man yana nan, rabin jarka. Na ce ɗakinsa ne."

Talabijin ɗin na ta surutunsa. Auta ta lalubo rimot ta kashe. Mai Shago ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce ashe shekara bakwai yana zaune a ƙarƙashin kyautar surukinsa bai sani ba.

"Dusa ce aka manna, ko Baba? Ni dai dusata ba ta taɓa neman kan kowa ba."

Matar tsohon ta zauna a bakin kujera. Ba ta kalle shi ba, ta ce ya gina rami, ga wadda ke kwance a ciki. Hawaye suka gangaro wa Auta ta gefen ido suna shiga kunnuwanta, ba ta ko goge ba.

"Ku yi faɗan daga baya," in ji ta. "Ku fitar da ni daga ƙarƙashin abin nan."

Baba Lilo ya ce ba ja za a yi ba, ɗagawa za a yi, tsayin yatsa ɗaya, a taka tare a ajiye tare. Mai Shago ya ce shi zai ƙirga, gidansa ne. Tsohon ya kama ta wajen ƙafa, mijin ta wajen kai, uwar ta ba Auta tawul ta cije. Taku huɗu ne kawai zuwa jikin bango, amma sai da suka ajiye sau uku. Kafaɗar tsohon ta ɗauki wuta tun a takun farko. Bai nuna ba. Idonsa na kan hannun Mai Shago, na Mai Shago na kan nasa, don in ɗaya ya riga ɗaya ita za ta ji a jikinta.

Suka lulluɓe ta da zani saboda ƙura. Mai Shago ya hau kujera ya rungumi talabijin ɗin daga ƙasa, tsohon ya hau tsani ya kwance shi daga sandar. Da nauyin ya sauka, ya kama ɗaya daga cikin notunan huɗu da yatsu biyu ya ja. Ya fito, jar ƙasa cike a jikinsa. Na biyu ma haka. Ya miƙa wa Mai Shago don ya gani, shi kuwa ya maida hannu baya ya ce Baba ya riƙe abinsa, aikinsa ne.

Ta ƙaramar ƙofar silin da ke tsakar falo Baba Lilo ya shiga sama da tocila a baki, yana rarrafe a kan katakon da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Duk na sauran gidan baƙaƙe ne, da ƙarfinsu. Ukun nan kuwa daga waje lafiya lau, har alamar fensirinsa tana nan. Ya danna babban yatsa, ya shige har gaɓa. Bai ji hawowar Mai Shago ba, sai ganinsa ya yi a gefe, gwiwoyinsa duk ƙura. Mutumin ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa katakon sau biyu da bayan yatsa, ya kara kunne, daidai yadda aka yi wa kabad ɗinsa a gaban masu saye. Sannan ya sauka.

Akwai wani katako mai kauri da Baba Lilo ya ajiye a bayan ɗakinsa shekara huɗu, ya sha mai ya bushe, yana jiran aikin da ya dace da shi. Mai Shago ya je da motar shago ya ɗauko. Yana saukewa wani maƙwabci ya tambaya lafiya, ya amsa da murya yadda za a ji har saman silin, ya ce gara ce, aikin babban kafinta ne. Tsohon ya ji, ya ci gaba da awo.

Aikin ya ci yini. Baba Lilo bai dogara da ko ɗaya daga cikin tsofaffin katakon ba. Ya gitta sabon katakon daga kan bango zuwa kan bango, ya danne shi ta kowane ɓangare. Ya huda shi har ya fita ta sama, ya zura notuna masu tsawo, ya sa wa kowanne faffaɗan ƙarfe a bisa don kada ya nutse cikin katako, ya ɗaure da uwar noti biyu-biyu, ta biyun tana tsare ta farko. Ya ɗauro sarƙa daga wani katakon rufi daban wadda za ta kama bayan talabijin ɗin, ko da sandar ta ci amana. Wayar wuta ya sassauta ta ya bi da ita jikin sandar, kada nauyi ya taɓa sauka a kanta. Ruɓaɓɓun ukun ya tallafe su da sabon, ya kwarara musu maganin gara. Cire su sai an ɓalle silin, wannan kuwa sai Auta ta tashi. Duk yinin maganarsu ba ta wuce miƙo, riƙe, ba haka ba, da kuma na Mai Shago, a hankali Baba, kada a manta da wani abu.

Da aka ɗaure farantin da sandar, Baba Lilo ya hau tsani ya kama ƙarfen. Hannun dama da ƙyar ya kai. Ya ɗage ƙafafu. Ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, a na huɗu kafaɗar ta sake shi, ya dira ƙasa ya zube a zaune, gumi na keto masa. Mai Shago ya ce ya isa haka, an gani, a rataye talabijin. Tsohon ya ce huɗu ba ashirin ba ne. Ya miƙe ya sake hawa, amma hannun ya ƙi ɗaguwa ko zuwa haɓa. Ya tsaya a kan tsanin yana kallon ƙarfen.

Auta ta yaye zanin daga fuskarta ta kalli mijinta.

"Kai ka hau."

Ya ce shi ba biri ba ne. Ta ce to a bar ta a jikin bangon nan ta ci gaba da kallon silin, ba za ta koma ƙarƙashin abin da ba a gwada ba. Ya kalle ta, ya kalli surukarsa, ya ja guntun tsaki ya haɗiye rabinsa, ya hau. Mutum ne mai jiki, ya kusa ninka tsohon. Ya kama, ya ɗage ƙafafu, rigarsa ta yi sama, tumbinsa ya fito. Baba Lilo ya kara kunne a bango ya fara ƙirge da baki, abin da bai taɓa yi ba, yana jan kowace lamba kamar mai tsinto ta a ƙasa.

"Baba, ƙirga da sauri."

"Ka katse ni. Ina ne ma? Bakwai."

"Tara ne."

"Bakwai."

Har ashirin ɗin ta cika katakon bai yi ko tari ba. Mai Shago ya sauko fuska jajur yana yarfe hannu. Suka rataye talabijin ɗin, suka maƙala sarƙar, suka sake ɗaga gadon taku huɗu zuwa wurinsa. Auta ta daɗe tana kallon farantin ƙarfen kafin ta kunna.

A bakin ƙofa Mai Shago ya ce ranar da ta tashi, a zo a cire katako ukun nan, kuma zai tsaya a kai ya ga an shafe kowanne. Ya ce duk wanda ya tambaye shi zai gaya masa abin da ya faru, bai ga dalilin rufa asiri ba.

"Gaya musu," in ji Baba Lilo. "Ka gaya musu kuma wa sabon katakon ya ɗauka."

Tsanin nan ya bar shi jingine, kafaɗar ba za ta ɗauka ba. Matarsa ba ta biyo shi ba, Auta ma ba ta ce ya gaida gida ba. Ya tafi da jaka a hannun hagu, jarkar babu komai a ciki.

Kwana biyar matar ta yi a can maimakon uku. Da ta dawo ta wuce shi a bakin ƙofa yana zaune da kujerar nan da bai gama ba, ta shiga ta hau ninke kaya ba labari. Ya jira har ta gama. Sannan ya tambaye ta, bai ɗago ba, ko akwai gari a kan bargon.

"Babu," in ji ta.

Ya ɗauki gudumar da hannun hagu, ya gyara zaman ƙusar, ya buga a hankali.